Ƙorafi Kan Katin Majinyaci da Maganin Raɗaɗi a Ƙasar Yauri

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi,
Birnin Kebbi.

Kwafi zuwa ga Fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da 'yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar Yauri da Ngaski da Shanga.



Ranka ya daɗe. Ni tsohon malamin makaranta ne, mazaunin Yelwa. Waɗanda suka ɗora mini rubuta wannan takarda magidanta ne da iyaye mata daga Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Libata da Shanga da wasu tungaye na bakin ruwa. Ba mu da sunan ƙungiya, ba mu da shugaba, ba mu da hatimi. A bencin asibiti da tashar mota muka san juna, domin kowannenmu yana da majinyaci kwance a ɗaki, ko kuwa ya yi jinyar har ya raka nasa makwanci. Wasu ciwon daji ne, wasu sikila. Su suka ce tunda na saba da alli da biro, in faɗa maka abin da ke cinmu.

Kati muke nema. Kati guda ɗaya mai hoto da lamba, wanda zai shaida cewa mai shi yana fama da ciwo mai tsananin raɗaɗi, likita ya tabbatar, kuma yana da izinin karɓar maganin raɗaɗi mai ƙarfi a asibitin gwamnati mafi kusa da gidansa, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, ya kuma ɗauko shi zuwa gida ba tare da gabansa na faɗuwa a shingen hanya ba.

Amma tilas in fara share wata ƙura, don maganar ta riga ta fita gari a karkace. Da aka ji muna zancen kati, sai wasu suka ce dattawan Yauri sun tashi neman katin shan wiwi. Ga asalin abin. Samarinmu suna kallon bidiyo a waya, suna ganin yadda a wasu jihohin Amurka majinyaci ke riƙe da katin da ya ba shi damar sayen tabar wiwi a matsayin magani. Gaskiya ne akwai shi. Jihar Kalifoniya ce ta fara halatta haka a 1996. Can likita ne ke rubuta shaida, majinyaci ya kai ofishin lafiya na yankinsa a yi masa kati, a riƙa sabuntawa duk shekara. Dokarsu ta ce kuɗin katin kada ya wuce dala 100, wanda kuma yake cikin tsarin lafiyar marasa ƙarfi rabi zai biya. Wani yaron maƙwabcina, wanda mahaifiyarsa ke kwana tana nishi, ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba Malam, a ina ake yankar irin wannan katin a ƙasar nan, kuma nawa ne?" Na ce masa babu shi, ko a Abuja, ko a Legas, kuma duk wanda ya ce zai yi masa shi ta intanet kuɗinsa kawai zai ci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, wanne ne akwai?" Tambayarsa ce na kawo ofishinka.

Mun san matsayin doka. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar haramta tabar wiwi, har hukuncin kisa ta tanadar wa mai noma ta kafin daga baya a sassauta. An kafa Hukumar NDLEA a 1989, dokarta kuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da tabar. Tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwayoyi a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, saboda haka ko kana so ba ka da ikon buga katin wiwi a Birnin Kebbi. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya je har Tailan a 2019 yana fafutukar a bari a noma ta don magani, ya rasu a 2023 dokar tana nan yadda take. Ranar 2 ga Disamba, 2020, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a a Biyana kan cire wiwi daga rukunin ƙwayoyin da suka fi haɗari, ƙasashe 27 suka amince, 25 suka ƙi, Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Ba mu zo jayayya da wannan ba. Mu ne muke ganin yaran da tabar ta lalata a bayan tasha da bakin kasuwa. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ce. Wanda ya koyar da yara shekara da shekaru, ya ga ɗalibinsa mai haddar lissafi yana tsintar leda yana magana shi kaɗai, ba zai roƙi a ƙara buɗe wannan ƙofa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a labarin Kalifoniya shi ne tsarin. Hukuma ta san sunan majinyaci. Ta ba shi takardar da ɗan sanda zai gani ya ƙyale shi. Ta kuma yi wa talaka rangwame tun a rubuce. Waɗannan abubuwa uku su ne babu a wurinmu, alhali maganin da muke magana a kansa halattacce ne a dokar Najeriya, yana cikin jerin muhimman magungunan ƙasa, kuma ya fi wiwi aiki nesa ba kusa ba.

Mofin nake nufi, musamman na sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mofin a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba tun 1977. A 1986 ta fitar da matakai uku na kwantar da raɗaɗin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau mataki na biyu, in ciwo ya yi tsanani a ba da mofin a kan lokaci, duk bayan awa huɗu, ba sai majinyaci ya fara ihu ba. Magani ne mai arha. Gari ne ake dama shi da ruwa mai tsabta a zuba a kwalba. Tun 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa hannu da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka aka shigo da garin, ana haɗa na sha a cikin gida, a 2017 kuma aka fitar da manufar ƙasa kan magungunan da ake tsarewa, wadda ta yarda cewa hana ɓarna da wadata majinyaci dole su tafi tare. Duk da haka, a shekarar ta 2017 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya nuna cewa mofin da ke isa Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da majinyatanta ke buƙata ba. In haka abin yake a lissafin ƙasa baki ɗaya, har da Ibadan da Abuja da Zariya, ka ƙiyasta rabon wanda ke zaune a gungu tsakiyar tafkin Kainji.

Ƙanwata ciwon daji na mama ne ya kwantar da ita. Kamar yawancin matanmu, ba ta faɗa ba sai da abin ya fashe. Da muka kai ta wani babban asibiti a wajen ƙasar Yauri, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ba ƙararsa na kawo ba, likitan ya ja ni gefe ya ce ciwon ya wuce aiki, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata. Ya rubuta mofin na sha. Ranar da ta fara sha ita ce ranar da ta fara barci bayan watanni. Ta ci tuwo. Ta yi sallah a zaune da hankalinta, ta kira 'ya'yanta ta yi musu wasiyya, har ta tuna wa take bi bashi da wa ke bin ta. Muka dawo gida da kwalba guda. Da kwalbar ta ƙare, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, muka nemi maganin a kusa muka rasa. Aka ce sai mun koma inda aka rubuta. Muka koma, aka ce ba a ba wa ɗan aike, sai an ga majinyaciya. Matar da ko juya ta a kan tabarma sai mutum biyu, ita za a sa a motar haya a bi da ita ramukan hanya. Mun yi hakan, Allah Ya yafe mana. Wani zuwan kuma aka ce maganin ya yanke, mai riƙe da makullin ma'aji ya yi tafiya. Makonninta na ƙarshe ba zan rubuta su a takardar da za ta bi hannun ma'aikata ba. Maƙwabtanmu sun ji, su ne shaida.

Ranka ya daɗe, a takarda katin asibiti ba shi da tsada. Tsadar tana cikin abin da ke kewaye da shi. Kowane asibiti da nasa katin: ka yanka a ƙauye, ka yanka a babban asibitin yanki, ka yanka a Birnin Kebbi, in an tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Shika a Zariya ka sake yanka, kowanne da sabon layi, kowanne kuma sai ka maimaita labarin ciwon daga farko, wani lokaci har a sake gwajin da aka riga aka yi. Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 200 ne, ta Koko da Jega. Majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ba ya iya zama a matse, sai an biya masa kujera biyu. Ga kwana, ga abinci, ga gona ko koma da aka bari. Mutumin Wara ko Libata sai ya fara kawo kansa titi. Mutumin gungu sai ya jira jirgi, jirgi kuma ba ya tashi don mutum ɗaya sai an yi shatarsa, ga dokar hana tafiyar dare a ruwa, wadda ba ma ƙi, don ba mu manta da jirgin da ya nutse da mutane masu yawa kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba. Amma ciwon sikila ba ya jiran gari ya waye. Tsakar dare yake tashi, musamman da sanyin hunturu a bakin ruwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na jirgi suka ninka, darajar naira ta faɗi, magani ya bi sahu. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, wannan yana nufin a sayar da albasa tun ba ta yi daraja ba, a sayar da akuya, a jinginar da injin jirgi. Sau da yawa kuɗin zuwa karɓo maganin ya ninka kuɗin maganin kansa.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, mu kuwa mutanen bakin ruwa mun san ba ƙarya ba ne. Bari in faɗa maka abin da mutane ke kamawa. Akwai taramol na bayan fage, mai lamba 200 da 225, alhali wanda hukuma ta amince da shi 50 ne da 100. Akwai allurar penta, wadda yaran sikila da yawa suka koyi yi wa kansu a cinya, har cinyar ta sandare ta zama gyambon da ba ya warkewa, jiki kuma ya saba da ita ta yadda ba ya iya bari. Akwai dikilofenak da ake haɗiya ba ƙa'ida har ya huda ciki ya taɓa ƙoda. Akwai masu yawo da ƙananan kwalabe ranar kasuwa suna raɗa wa mutane cewa man wiwi ne daga waje, yana kashe ciwon daji, a kan kuɗin da ya kai buhun gero. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Akwai kuma, in faɗi gaskiya, gidajen mutunci da aka dafa ganyen wiwi a ɓoye aka ba tsohuwa don ta runtsa, mai dafawar yana kuka yana istigifari. Ɗan da ya je sayo wannan ganye, in aka kama shi, shekara 15 ce mafi ƙaranci a rubuce. Kuma ya koyi hanyar gidan dila, hanyar da ba lalle ya manta da ita ba bayan an yi sadakar bakwai.

Ban ga laifin hukuma ba da ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC ya tona yadda yake cin matasa da matan aure a Arewa. Ya dace. Amma tun daga lokacin wani tsoro ya shiga ma'aikatan lafiya, har ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Likita na gudun rubuta magani mai ƙarfi kada a zarge shi. Mai haɗa magani na gudun ajiye shi saboda yawan rajista da bincike. Yaron sikila ya zo yana murƙususu, sai a dube shi a ce ɗan ƙwaya ne, allura yake so. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, wannan kallon zalunci ne. Ita ma hanya haka take. Wanda ya karɓo kwalbar mofin da takardar likita a aljihu sai ya yi ta addu'a a kowane shinge, don takardar rubutun likita ce, ba kowane jami'i ke iya karanta ta ba, kuma kowa na iya cewa jabu ce. Jami'in ma ba shi da laifi. Ba a ba shi wata alama da zai gane gaskiya da ita ba.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. A 1993 wata likita, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta fara aikin kula da masu ciwon ajali a Kamfala, ta kuma shawo kan gwamnati aka yarda da mofin na sha. Da farko a gorunan ruwa da aka wanke suke zuba shi, suna rina shi da kala don a bambanta mai ƙarfi da mai sauƙi. A 2004 suka gyara doka, malaman jinya da jami'an lafiya da aka horar na musamman suka samu izinin rubuta shi, tunda likitoci ba sa isa ƙauye. Gwamnati ke biya, majinyaci kyauta yake karɓa. Shekaru sun shuɗe ana yi, tsarin bai rushe ba, har wasu ƙasashen Afirka na zuwa koyo. Dalili shi ne ruwan mofin mai sauƙi, wanda ake aunawa da sirinji a kan ƙa'ida, ba shi ne abin da ɗan maye ke nema ba, kuma kowace kwalba da sunan mai ita a rajista.

Kuɗin ma ba daga sama za a nemo su ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jiharmu tana da hukumarta ta inshorar lafiya, KECHEMA. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, sai dai da asibitoci shida aka fara, na yankinmu kuma shi ne na Zariya, nisan da mai ciwo daga Shanga zai ji kamar an ce masa ya je Makka a ƙafa. Jihar nan ta yi suna a yaƙi da ciwon daji: Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta yi shekaru tana wayar da kan matanmu, a 2024 aka zaɓe ta ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Abin alfahari ne. Amma gangamin gwaji yana gano ciwo ne, mu kuma muna magana a kan waɗanda aka riga aka gano nasu, aka ce su koma gida.

Ga roƙonmu dalla-dalla. A buɗe rajistar masu ciwo mai tsananin raɗaɗi a manyan asibitocin gwamnati na Yelwa da Wara da yankin Shanga, a ba kowane majinyaci katin da na ambata, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan da za a rubuta a bango kowa ya gani. Katin ya yi aiki a duk asibitin gwamnatin jiha, a kuma nemi asibitocin tarayya su karɓe shi, don a daina yankar sabo a kowace ƙofa. A rubuta sunan mai jinya ɗaya ko biyu a bayansa, da hotonsu, waɗanda za su iya karɓo magani a madadin wanda ba ya iya tashi. Wannan shi ne ya fi damunmu, kuma shi ne bai buƙatar ko kwabo, umarni kawai yake buƙata. In ana tsoron a ci gaba da karɓa da sunan mamaci, a sa ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya leƙa majinyacin lokaci-lokaci ya sa hannu, mai unguwa ko limami ya shaida, in rai ya yi halinsa a mayar da kati da ragowar kwalba. A garuruwanmu ba a ɓoye mutuwa.

Sannan a ajiye maganin kansa a Yelwa, cikin akwatin ƙarfe mai makulli, da rajista, da mutum biyu masu riƙon makulli don tafiyar ɗaya kada ta rufe ƙofa. A tura likitoci da malaman jinya da masu haɗa magani na yankin nan su samu horo kan kwantar da raɗaɗi; Asibitin Koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashen wannan aiki. A sa mofin na sha da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin sikila, cikin abin da katin inshorar jiha ke biya, a kuma shigar da masu wannan rajista cikin marasa galihu kai tsaye, ba sai sun bi ta hannun ɗan siyasa ba. Masu yin rajistar su zo da na'urarsu har Wara da tungaye ranar kasuwa, don tsohuwar da ke gungu ba za ta iya bin layin hoto a gari ba.

Sai maganar shinge. Muna roƙon ofishinka ya zauna da rundunar NDLEA ta jiha da 'yan sanda, a nuna musu samfurin katin, a sa lambar waya a jikinsa wadda jami'i zai kira ya tabbatar nan take. Wannan zai sauƙaƙa musu aiki: mai kati da kwalba mai suna ya wuce, mai kwalin taramol ya tsaya. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, tun da ya hau a 2021 yake kiran sarakuna da malamai da iyaye su shigo yaƙin. To ga iyaye sun shigo, da shawara a hannu.

Na san za a ce mofin na sa maye, kuma addini ya hana. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma a zauren da na yi karatu an koya mana cewa larura tana da hukuncinta, kuma ana auna ta gwargwadonta, malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da halatta abin da ke gusar da ji don a yi wa mutum aiki. Ƙanwata da ta sha maganin a kan ƙa'ida hankalinta dawowa ya yi. Ciwon ne ya hana ta sanin raka'a nawa ta yi. Muna roƙon a nemi majalisar malaman masarauta ta duba, ta yi wa jama'a bayani a masallatan Juma'a, don akwai iyalan da ko an ba su maganin za su ƙi, suna zaton allurar sallama ce.

Saura abu ɗaya game da wiwi, kuma zan faɗe shi ko da za a sake yi mana sharri. A cikinmu akwai iyayen yara masu farfaɗiya mai taurin kai, wadda ba ta jin magungunan da aka saba. Duniya ta tabbatar da amfanin wani sinadari da ake tacewa daga wannan tsiro, wanda ba ya sa maye, ga wasu nau'o'in farfaɗiyar yara ƙalilan: Amurka ta amince da maganin Epidiolex a 2018, a shekarar kuma Ingila ta ba manyan likitoci izinin rubuta magungunan da aka haɗa daga tsiron. Akwai kuma waɗanda ake bayarwa don tsayar da aman da allurar ciwon daji ke jawowa. Amfanin da aka tabbatar bai wuce irin waɗannan 'yan wurare ba. Ba a tabbatar yana warkar da ciwon daji ba, hayaƙinsa kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwar matashi. Lesoto a 2017 da Maroko a 2021 sun tsara dokokinsu kan noma shi don magani, Maroko kuwa ƙasar Musulmi ce 'yan Malikiyya kamarmu. Ba mu ce a kwaikwaye su ba. Muna cewa idan ka zauna a taron majalisar lafiya ta ƙasa tare da takwarorinka, ka nemi Hukumar NAFDAC da likitocin ƙwaƙwalwa su fito su yi wa jama'a bayani da Hausa: wanne ne magani, wanne ne damfara, kuma ko akwai halattacciyar hanyar da likita zai samo wa irin waɗannan yara maganin da aka tace. Shirun hukuma shi ne jarin mai ƙaramar kwalba a kasuwa.

Ranka ya daɗe, lokacin da aka datse Kwara a Kainji a 1968, mutum kimanin 44,000 aka tayar daga gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, da yawansu Gungawa da Kambari da sauran mutanen ƙasar nan, don Najeriya ta samu lantarki. Ruwan da ya ba birane haske shi ne ya nisanta mu da asibiti. An kafa Hukumar HYPPADEC saboda irin waɗannan al'ummomi, kuma mun ga rigunan ruwa da ta raba. Muna ganin ba zai gagara ba ma'aikatarka ta nemi haɗin kanta a samar da jirgi mai inji guda ɗaya da malamin jinya a ciki, ya riƙa zagaya gungaye da tungaye a ranaku sanannu, ya duba masu kati, ya cika musu kwalba.

Muna roƙon a ba mu amsa a rubuce ta hannun fadar Mai Martaba, a kuma turo wakili ya zauna da mu a Yelwa, a ranar da ba ta kasuwa ba don masu zuwa daga nesa su samu hali. Za mu zo da takardun asibitin majinyatanmu da katunan da muka tara, wakilin ya ƙirga da kansa. Waɗanda ba sa iya tashi kuma, in yana da ƙarfin zuciya, za mu kai shi ɗakunansu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba majinyatanmu sauƙi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Yelwan Yauri,
a madadin iyalan masu jinya na Yauri da Ngaski da Shanga.